Dada ta ce ni ke sace mata kuɗi, kuma dangin mijina sun yarda

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a nan cikin garin Gombe, shekarata 13 da aure, yara huɗu, ina koyarwa a wata firamare. Bayan rasuwar surukina maigida ya je ƙauyensu ta wajen Dukku ya ɗauko mahaifiyarsa, Dada muke ce mata, zata kai shekara 78 ko ta ɗan haura. Wallahi Anti da can matar nan kamar ita ta haife ni, ita ta min wankan jegon fari, ko saɓani muka samu da ɗanta bayana take bi. Amma kusan shekara ɗaya kenan ta canza min gaba ɗaya. Duk kuɗin da 'ya'yanta suka bata sai ta ce na ɗauke, a gaban yarana take kirana ɓarauniya. Zan bata tuwo ta cinye tas, ko kwanon ban wanke ba zata leƙa ta katanga ta ce wa maƙociyata tun jiya ba'a bata abinci ba. Da magariba ta gabato sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta ce zata tafi gida shanu sun dawo, sau biyu tana fita sai da yaran unguwa suka dawo mana da ita daga bakin titi. Tana tambayar ina Baffa, wato mijinta, alhali shekara biyu da rasuwarsa, in na faɗa mata sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi. Hausar ma yanzu ta rage, Fillanci take min ni kuma bana ji sosai. Yayar maigida, Adda, takan zo ranar Juma'a ta yi awa ɗaya, a gabanta Dada garau take hira, shine Adda ta zagaya dangi wai ina cutar musu uwa, wai ma asiri na mata dan a maida ta ƙauye. Maigida kullum maganarsa ɗaya, ki yi haƙuri tsufa ne. Shekaranjiya da dare ta ɓata shimfiɗa bayan na gama wanke wata, na daka mata tsawar da har yanzu in na tuna sai na yi kuka. Anti na gaji, ina so na tafi gidanmu kowa ya huta. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin komai ina so ki ajiye maganar tsawar nan gefe tukuna, zamu dawo kanta. Mace mai yara huɗu da aji cike da ɗalibai da tsohuwa mara lafiya, tana wanke shimfiɗa biyu a dare ɗaya, in ta ce ta gaji gaskiya ta faɗa.

Na ce mara lafiya, kuma da gangan na faɗa. Maigidanki ya ce tsufa ne, to rabin gaskiya ya faɗa. Tsufa kam yana da nasa, gwiwa ta riƙa ciwo, ido ya yi hazo, kunne ya yi nauyi, barci ya zama guntu-guntu, tsohuwa ta tashi kiran jika ɗaya sai ta jero sunan jikoki biyar kafin ta faɗo kan nasa, ta ajiye carbi ta manta anjima ta tuna da kanta. Duk wannan ba komai bane. Amma mutum ya ci tuwo yanzu ya rantse bai ci ba, ya manta mijinsa ya rasu, ya kasa gane gidan da yake kwana yau shekara biyu, halinsa ya juye har wadda yake so ta zama abar zarginsa, wannan ya wuce tsufa zalla. Mu muna ce masa gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci na ce masa dimenshiya, wato ciwon mantuwa, kuma ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da ake kira Alzhaima ne, sunan wani likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Akwai kuma nau'in da hawan jini da toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke kawowa, wanda mu nan da hawan jini ya yi mana katutu bai kamata mu manta da shi ba. Likita ne zai tabbatar da wanne ne ke damun Dada bayan ya duba ta, amma abinda kika lissafo ya yi kama da shi sosai.

Yadda ciwon yake, wajen da ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu shi ke fara lalacewa, tsohon ajiya kuma ya daɗe yana nan. Shiyasa tuwon ɗazu ya goge amma shanun shekara hamsin baya suna nan daram. Shiyasa ma Hausar ke zamewa Fillancin na dawowa, harshen da ta sha a nono ne, ya riga Hausa shiga. Ba wai tana yi dan ta ware ki bane.

Maganar kuɗin kuma bari na baki labarin gidanmu, dan har yau yana min ciwo. Kakata a Bauchi haka ta yi a ƙarshen rayuwarta, kullum an sace mata kuɗi, kuma wata yarinya da ke taya mu aiki ita ta fi kusa da ita, ita ke mata wanka ita ke kai mata fura. Aka yi ta yi har aka sallami yarinyar tana kuka tana rantsuwa. Bayan kaka ta rasu muna kwashe ɗakinta muka farke wani tsohon matashi da ya yi nauyi, sai ga kuɗi a nannaɗe cikin tsumma da leda, wasu har sun yi fumfuna, wasu a cikin gwangwanin man shafawa a ƙarƙashin gado. Ita ke ɓoyewa dan tsoron ɓarawo, ta manta ta ɓoye, ta duba bakin zaninta ta ga wayam, to waye ya ɗauka? Wanda ido ya fi gani. Kinga ke ce mai shiga ɗakin Dada safe da yamma, ke ce mai ɗaga katifa ki share, shiyasa ya faɗo kanki. Da Adda ce ke jinyar wallahi Adda ce zata zama ɓarauniyar.

To abu na farko asibiti, kuma ba wata mai zuwa ba. Dalilina shine akwai abubuwan da ke ruɗa tsoho ko su ƙara masa ruɗewa waɗanda ana maganinsu su warke. Ciwon sanyin mafitsara kaɗai yana iya birkita tsohuwa ta riƙa sambatu ta riƙa sakin fitsari, kuma sau da yawa ko zazzaɓi ba zaki ji a jikinta ba. Haka suga in ya hau ko ya faɗi, ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, rashin ruwa a jiki, da baƙin ciki mai tsanani, kar ki manta matar nan ta rasa mijinta da gidanta da ƙawayenta duk a lokaci ɗaya. Ku fara da babban asibitin da ya fi muku kusa, in abin ya fi ƙarfinsu zasu tura ku Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, wanda har yau wasu FMC suke ce masa. In aka ce ku ga likitan ƙwaƙwalwa kar kowa ya ce ai uwarmu ba mahaukaciya bace, su ne masana wannan ciwon, shikenan.

Kafin ranar ki samu ɗan littafi irin na ɗalibanki ki riƙa rubutawa, ranar kaza ƙarfe kaza ta ci abinci ta ce bata ci ba, ranar kaza ta fita, daren kaza ta tashi sau nawa. Likita minti kaɗan zai baku kuma Dada na iya zama gabansa ta amsa gaisuwa tsaf kamar ba ita ba, littafin ne zai yi magana. Ki kuma tattara duk maganin da take sha a leda ɗaya ki tafi da shi, na asibiti da na kemis da jiƙe-jiƙen da dangi ke kawowa, kar ki bar ko ɗaya. Magungunan barci irin su baliyam da na mura masu sa gyangyaɗi irin su firiton suna ƙara ruɗa tsofaffi suna kuma jawo faɗuwa, masu kashe ciwon gwiwa irin su diklofenak in aka daɗe ana sha suna taɓa ƙoda da ciki suna tada hawan jini. Dan Allah kar wani ya baki shawarar ki riƙa bata maganin barci dan ki samu ki huta. A auna jininta, in yana kai 140 bisa 90 ko sama a kai a kai to hawan jini ne sai an kula. A duba ido ko yana ce, aikinta ɗan lokaci ne mutum ya koma gani, a leƙa kunne ko dauɗa ce ta toshe. Tsohon da baya ji baya gani sosai dole zargi ya masa yawa, yana ganin bakuna na motsi ana dariya sai ya ɗauka da shi ake.

Abu ɗaya da ba'a jira da shi: in kika wayi gari ta ruɗe fiye da kullum farat ɗaya, ko barci ya mata yawa bata farkawa sosai, ko baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe, a nemi mota a tafi a lokacin ko tsakar dare ne.

Ba zan ɓoye miki ba, in aka tabbatar Alzhaima ne har yau babu maganin da ke warkar da shi. Akwai waɗanda kan ɗan sassauta alamun na wani lokaci, amma ciwon gaba yake yi. Duk wanda ya zo muku da kwalba ya ce sati biyu zata dawo daidai kuɗinku yake so. Addu'a kuwa a yi ta babu fashi, a tofa mata, a kunna mata karatu in tana jin daɗinsa, wannan baya hana asibiti asibiti baya hana shi. Abinda ban yarda da shi ba shine a turara mata hayaƙi har ta shaƙe, ko a riƙa jijjiga tsohuwa ana cewa aljani ya fita, ko a je wajen wanda zai buga ƙasa ya ce ga wadda ta yi, dan kin san sunan wa zai faɗa.

Yanzu zaman gidan. Ki daina kare kanki a gabanta, na san da wuya, ana ce miki ɓarauniya a gaban 'ya'yanki jini dole ya tafasa. Amma rantsuwa da hujja basa shiga, abinda ke zaune a ranta shine kuɗina ya ɓata ina tsoro. Ki ce subhanallahi Dada, nawa ne, taso mu duba tare. Ki bari ita ta gano da hannunta in da hali, dan in ke kika zaro zata ce dama kin san inda kika sa. A hankali zaki haddace maɓoyanta, yawanci basa wuce uku ko huɗu, ƙarƙashin katifa, cikin matashi, ƙullin zani, cikin kwanon sha. Kar a zubar da shara ko a wanke zaninta ba'a laluba ba. Manyan kuɗi kuma su daina biyowa ta hannunki ko nata, duk mai bata ya damƙa wa ɗanta ya rubuta, ita a bar mata 'yar jaka da canji, 'yan ɗari bibbiyu da hamsin-hamsin, ta ƙirga abinta ta ba jika na alewa. Tsohuwar da ta saba sai da nono da man shanu ta riƙe kuɗinta tun tana budurwa, in aka raba ta da kuɗi kwata-kwata an cire mata wani abu a jiki.

Abinci ma haka. In ta ce bata ci ba kar ki ce haba Dada yanzu fa kika ci. Ki ce gashi nan zuwa, taɓa wannan kafin nan, ki miƙa mata ɗan kunu ko ayaba ko dabino in bata da suga. Ki raba abincin nata ƙanana sau biyar maimakon babban kwano sau uku. Jikin tsoho naman jiki yake zubarwa shekara bayan shekara, shi ke kawo rashin ƙarfin ƙafa, saboda haka kar ya zama tuwo da koko kawai, a sa wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, da kindirmon da dama ta saba. Ruwa kuma sai kin miƙa, tsofaffi basa jin ƙishi kamar mu, kuma kin san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu. Da yamma lis sai a rage ruwan, a kai ta bayi kafin ta kwanta, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, in da hali a sai famfas na manya na dare, ba abin kunya bane. A ajiye mata fo a ɗaki da fitila mai caji a kunne, dan tafiya bayi cikin duhu a kan siminti mai santsi ita ke karya tsofaffi a ƙugu, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba kowa ke tashi daga ita ba.

Ƙullin kayan magariba shi ya fi taɓa ni a wasiƙarki. Masu wannan ciwon da yawa sun fi rikicewa in rana ta yi gora, haske na raguwa gajiya ta taru. Amma ki duba ta ɗaya gefen, shekara sittin a daidai wannan lokacin matar nan ita ce uwar gida, shanu na shigowa, ana tatsa, ana ɗora tukunya, kowa Dada Dada. Yau tana zaune a ɗaki a birni an ce ki huta, ba mai tambayarta komai. Mu a ganinmu gata muka yi mata. Jikinta kuwa yana faɗa mata akwai aikin da ke jiranta a wani wuri. To ki bata aikin. Tun la'asar ki shimfiɗa mata tabarma kusa da inda kike girki ki ajiye mata faifai da wake ta tsince, ko gyaɗa ta ɓare, ko zogale ta zage, ko ta dama fura da ludayinta, ko da zaki sake gyarawa a ɓoye. Ki tambaye ta yadda ake miyar da ta iya ko da kin fi ta iyawa yanzu. A kunna fitilu kafin duhu ya shigo. In duk da haka ta ɗau ƙullinta kar ki tare ƙofa kuna ja-in-ja, ki ce to Dada bari a yi sallah a ci abinci tukuna, ko babban ɗanki ya rakata su zaga layi su dawo, sau da yawa kafin su dawo maganar ta wuce. Ki ɗinka 'yar takarda mai lambar maigida a cikin mayafinta ko jakarta, ki sanar da mai shagon layinku da masu Keke Napep na bakin titi da maƙota cewa Dada bata da lafiya duk wanda ya ganta ita kaɗai ya kira, a rataya wani abu mai ƙara a ƙofar gida, ki ɗau hotonta na kwanan nan a waya. Ina jaddada wannan ne saboda tsohuwa a ruɗe da yamutsattsen kaya tana sambatu da wani yare a unguwar da ba'a santa ba, kin san irin sunan da bakin mutane ke saurin laƙaba mata. Amma kulle ta a ɗaki da kwaɗo ko ɗaure ta, a'a.

In ta tambayi Baffa ba dole ki sanar da ita rasuwar sabuwa kullum ba, kowane faɗi sabon zaman makoki ne a wajenta. Ba kuma sai kin yi ƙarya ba. Ki ce Dada kina kewarsa ko, wai ya aka yi ya aure ki, shanu nawa aka bayar? Zaki sha labari. In kina mata magana ki zo ta gabanta ta ga fuskarki, ki sassauta ki yi da murya mai kauri, magana ɗaya a lokaci ɗaya, dan kunnen tsufa siririyar murya irin tamu ta mata da ta yara yake fara rasawa, ɗaga murya kuma fuskar faɗa kawai yake nuna mata. Ki koyi gaisuwa da 'yan kalmomin Fillanci wajen maigida, ko jam waali ce da safe, ki ga yadda fuskarta zata saki. Sallah in tana rikicewa wani ya tsaya gefenta su yi tare, maganar azumi kuma ku haɗa ta bakin likita da ta malami, addini bai ɗora wa wanda hankalinsa ya gushe abinda ba zai iya ba. Alƙur'ani da kansa ya ambaci wannan matakin a Suratun Nahli aya ta 70, wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ki karanta wa maigida ita.

Sai Adda. Raina ya ɓaci da abinda ta miki, kiran mutum mai asiri ba ƙaramin abu bane. Amma ki tsaya a inda take tsaye, tana zuwa awa ɗaya ranar Juma'a da rana tsaka, lokacin da Dada ta fi zama garau, kuma masu ciwon nan sun iya tattaro kansu gaban baƙo, gaisuwa da barkwanci sun zauna a baki tun tuni basa buƙatar tunani. Sai uwarta ta riƙe mata hannu ta ce yunwa nake ji. Wace 'ya ce zata ji haka ta yi shiru? Ga kuma abinda ba zata faɗa ba, ita ce 'ya mace babba amma uwarta na hannun wata, wannan na cin mutum, kuma ya fi sauƙi a ce suruka ce muguwa da a ce uwata ta fara manta ni. Kar ki bi ta da bayani a waya, gani ya kori ji. A gayyace ta ta kwana uku a ɗakin Dada, daga la'asar har asuba, ita ta bata abinci da hannunta. Kuma ranar asibiti lallai da ita za'a je ta ji daga bakin likita.

Wanda zai yi gayyatar kuwa maigida ne, kuma nan ne nake da magana da shi. Ki yi haƙuri tsufa ne ba amsa bace ga matar da ake kira ɓarauniya a cikin dangi. Na fahimci shima tsoro yake ji, namiji ya ga uwar da ta goya shi tana ɓata shimfiɗa ba kowa ke iya kallo ba, sai ya gudu kasuwa ko majalisa ya bar miki. Amma uwarsa ce. Umarnin kyautata wa iyaye in sun tsufa, har da kar a ce musu ko uf, kan 'ya'yansu ya fara sauka, ke abinda kike yi alheri ne da zumunci kuma Allah zai biya ki, amma ba'a karɓar alheri da zagi. Abu uku nake so ki nema a wajensa. Ya faɗa wa 'yan uwansa da bakinsa cewa matarsa bata ɗau ko sisi ba kuma baya son ya sake jin maganar. Ya riƙa zama da Dada ko minti talatin ne bayan isha'i kullum, da yarensu. Sannan ya kira zama na 'ya'yan Dada duka, a sa wani babba da kowa ke jin nauyinsa, kawu ko baffansu, a fito da littafinki da takardar likita a raba nauyi, wa zai ɗau kuɗin magani, wa zai ɗau na famfas, wa zai zo ya kwana ranar kaza. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka.

A zaman za'a iya kawo shawarar a riƙa zagayawa da ita, wata ɗaya gidan wannan wata ɗaya gidan wancan. A ido adalci ne amma ita zai wahalar, duk sabon ɗaki sabuwar ruɗewa ce, bata san ina bayi yake ba bata san fuskokin ba. Gara ita ta zauna wuri ɗaya masu jinyar su riƙa canji. Abinda na fi so muku shine a ɗauko wata dattijuwa daga dangi a ƙauye wadda Dada ta sani tun da, mai jin Fillanci, ta zauna da ita a riƙa biyanta wani abu duk wata, ko a ɗau mai aiki ta rana lokacin da kike makaranta. In kuma dangi sun ga a maida ta ɗakinta na ƙauye cikin mutanenta, ba laifi bane in akwai tsayayyen mai kula da ita dare da rana da hanyar kawo ta asibiti, sai dai kar shawarar ta fito daga bakinki kin san me za'a ce. Kar kuma a ce 'yarki babba ta bar makaranta ko islamiyya dan jinya. Yaran dai ki zaunar da su ki faɗa musu Dada ciwo ne a kanta, in ta zagi Umma ba da gaske take ba, kar su mata dariya kar su rama miki.

Tafiya gidanku kuma, ina goyon bayan ki je ki huta, bana goyon bayan yaji. In kika fita cikin fushi yanzu labarin da zai zaga shine asirinta ya tonu ta gudu, ki bar yara huɗu a cikin maganar. Ki nemi kwana huɗu ko biyar da izininsa, da rana tsaka kowa na gani, a daidai kwanakin da Adda zata zo, kin jefi tsuntsu biyu kenan. Ki yi barci ki ci abincin da ba ke kika dafa ba, in kanki na yawan ciwo ko barci ya ƙaurace miki kema a auna jininki. In kuma kin yi duk wannan maigida ya ƙi motsi, zagin ya ci gaba, to lokacin ne iyayenki ko waliyyinki zasu shigo su zauna da manyansa, kina da wannan haƙƙin.

Tsawar shekaranjiya. Kin yi kuskure kin kuma sani, ki yi istigfari, gobe da safe ki kai mata kununta ki zauna gefenta ki shafa mata mai a ƙafa ki ce Dada ki yafe min. Wataƙila ta manta abinda ya faru, amma irin waɗannan marasa lafiyar ko sun manta magana yanayin da aka bar su a ciki yana daɗewa a ransu, daɗi ko tsoro. Nan gaba in kika ji abin ya taso miki har wuya, ki tabbatar tana zaune ba inda zata faɗi, ki fita tsakar gida ki sha ruwa ki tada maigida ya karɓe ki, shimfiɗar zata jira minti goma. Daren yau in yara sun kwanta ki miƙa masa wayar ya karanta wannan da kansa, sannan ku tsaida ranar asibiti kafin ku kwanta. In kun dawo ki rubuto min abinda likita ya ce.